Abun da ya same mu a hanyar Thorong La, da kwana ɗayan da na yanke

Tunda muka dawo mutane suke tare ni a masallaci da wajen ataya suna tambaya wai me ya faru da Auta a Nepal, wasu sun ji wai sanyi ne ya kama shi, wasu sunce iskokin dutse ne, har akwai wadda ta je Nima, unguwarmu a Accra, ta gaya wa Mma wai guba ya ci. To ba ko ɗaya. Kuma tunda naji yaran da muke taka tudun Aburi tare ranar Asabar sun fara adashi suma suna so su je, naga gara in zauna in rubuta abun daga farko yadda ya faru, harda inda ni na ɓata, don ni na shirya tafiyar kuma kuɗin kowa a hannuna yake.

Mu uku ne. Ni, da ƙanina autanmu ɗan shekara 26 wanda duk mai zuwa filin Kawukudi ya san shi da ƙwallo, yaron da zai buga minti 90 ya dawo gida ya ɗebo ma Mma ruwa, sai kuma Alhaji mai sayar da kayan mota a Abossey Okai, ya haura 50, mutum ne mai jiki, in muna hawa daga Ayi Mensah zuwa Peduase kullum shi ne na ƙarshe. Dalilin Nepal kuwa, shekarun da nai aikin gadi a Doha ɗaki ɗaya muke da wani ɗan Nepal mutumin kirki daga yankin Lamjung, kullum yana nuna min hotunan duwatsunsu a waya yana cewa sai ka zo. Shi ya haɗa mu da ɗan ɗan'uwansa mai lasisin jagora, don tun Afrilun 2023 hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar ta sanar baƙo ya ɗauki jagora kafin ya shiga irin waɗannan hanyoyin. Mai fasfo ɗin Ghana kuma ya sani ba a ba mu biza a filin jirgin Kathmandu kamar yadda ake ba wasu, sai ka nema tun kafin ka tashi, wannan kaɗai ya ci mana watanni.

Hanyar ita ce wadda take zagaye duwatsun Annapurna. Ka taso daga Besisahar ka bi kogin Marsyangdi kana hawa kana hawa, kwana da kwanaki da jakar goyo a bayanka, har ka isa mashigin da ake kira Thorong La, wato wani wuya ne tsakanin manyan duwatsu biyu, Yakawa Kang da Khatung Kang, tsayinsa mita 5,416, daga nan ka gangara ɗaya ɓarin zuwa Muktinath. Don a gane abun da nake faɗa, dutsen Afadjato da muke alfahari da shi a Volta bai kai mita 1,000 ba. Accra kuwa a bakin teku take. Duk rayuwarmu huhunmu bai san komai ba sai iskar bakin teku, a can sama kuwa numfashi ɗaya da ka ja kusan rabin oksijin ɗin da ka saba samu a Nima yake kawo maka. Jiki yana iya sabawa, amma da kwanaki yake sabawa, kuma ba ruwansa da ƙarfinka ko yawan gudunka. Wannan maganar na karanta ta kafin mu tafi, wallahi na karanta, kawai dai ban ɗauke ta da nauyin da ya kamata ba.

Ka'idar da likitocin tsauni suke bayarwa ba ta da wuya. In ka haura mita 3,000, inda zaka kwana yau kada ya fi na jiya da sama da mita 500, kuma duk bayan kwana uku ko huɗu ka ƙara kwana ɗaya a wuri guda. Shi yasa kusan kowa a wannan hanyar yake kwana biyu a Manang, garin da yake wajen mita 3,500. Haka ma na rubuta a takardata tun a gida.

Matsalar ta faro ne tun a Kathmandu, jakar Alhaji bata iso tare da mu ba, takalminsa da rigar sanyinsa da buhun barcinsa duk suna ciki, sai da mukai zaman jira har kwana biyu. Kwana ɗaya dama na ajiye na ko-ta-kwana, ɗayan kuma babu inda zai fito, ga tikitin dawowa mai arha ne wanda in ka taɓa ranar sai ka biya tara mai zafi, ga Alhaji ya bar shago a hannun yara. Muka hau bas zuwa Besisahar, muka ɗauki jif zuwa Dharapani, daga nan muka fara takawa. Chame, Pisang, Manang. Kwana ukun nan bazan manta daɗinsu ba, gadojin lilo a kan kogi, itatuwan tuffa, dusar ƙanƙara a kan duwatsu kamar an shanya farin yadi, da dare mu ci shinkafa da miyar wake da suke kira dal bat mu zuba shiton da Mma ta soya mana, nama dai mun haƙura da shi saboda yanka. Jagoran yana ta cewa bistari bistari, wato sannu sannu da yarensu, Alhaji ya riƙe kalmar kamar wuridi, Auta kuwa kullum yana gaba da kusan rabin awa, har ya ɗauki wasu kayan Alhaji ya ƙara a jakarsa.

A Manang na yanke hukuncin farko. Akwai ƙaramin asibitin ƙungiyar ceto ta Himalaya a garin, lokacin da matafiya suka yi yawa likitoci suna yin bayani kullum da rana a kan ciwon tsauni, mu mun iso bayan an tashi. Da dare na fito da takarda na lissafa na lissafa naga babu yadda zamu kama jirgi sai an cire kwanan hutun. Jagoran yace a'a, yace gara mu ƙara kwanan ko da zamu ɗauki mota a ɗaya ɓarin mu rage wata tafiyar. Nace masa dubi yaran nan lafiyarmu ƙalau, ba mai ko ciwon kai. Yaro ne ƙarami, ni kuma abokin kawunsa ne, ya ji nauyina yai shiru. Na daɗe ina tunanin wannan shirun. Na ɗauki mutum saboda ya fi ni sanin dutse, sannan na yi amfani da girma na rufe masa baki, a gida wannan ɗabi'ar bata cika kashe kowa ba amma a mita 3,500 tana iya yi.

Washegari muka hau Yak Kharka, wajen mita 4,000. Nan itatuwa suka ƙare, sai ciyawa da duwatsu da shanun yak masu gashi. Ranar ce ta farko da Auta bai riga mu isa ba. Ya bar rabin abincinsa, yaron da yake cinye waakye na mutum biyu. Nace Auta lafiya, yace Yaya ba komai gajiya ce. Da dare naji yana ɗan tari busasshe, nace ƙura ce da sanyi, don kowa a masaukin yana tari. Sai daga baya a asibiti ya faɗa cewa tun Manang kansa yake sara, yana ta shan farasitamol a ɓoye bibbiyu, wai yana jin kunya ace shi ɗan ƙwallo ya gaza alhali Alhaji yana tafiya, kuma ya san yadda na sha wahala wajen tara kuɗin, ga abokansa duk suna jiran hoto a WhatsApp. Ban ga laifinsa sosai ba. Mu muka rene shi a kan namiji baya cewa wayyo. Laifina shi ne alamun suna gabana, rashin ci, raguwar sauri, tari, na ba kowanne suna daban don kada su haɗu su zama abun da zai ɓata min lissafi.

Hukunci na biyu shi ya fi muni. Daga Yak Kharka ana zuwa Thorong Phedi ne, gindin dutsen, wajen mita 4,500, bayan an wuce wani wuri mai zaftarewar ƙasa da ake ratsawa da sauri ba tsayawa. Yawancin masu hankali a nan suke kwana su tashi da asuba. Amma akwai wani masaukin a sama da shi, wajen mita 4,900, hawa ne miƙaƙƙe na kamar awa ɗaya, wanda ya kwana can ya rage wa kansa aikin gobe. Mun isa Phedi da azahar, muka haɗa azahar da la'asar ƙasaru da taimama don ruwan kamar reza yake, nace mu ƙarasa sama tunda rana tana nan. Tunanina Alhaji nake tausayawa, kada gobe tai masa tsawo. Kenan cikin dare biyu mun tashi daga 3,500 zuwa 4,900, mita 1,400, ba hutu ko ɗaya, daren ƙarshen kaɗai kusan 900. Hawan awa ɗayan nan Auta sai da yai fiye da awa biyu, yana taku goma yana tsayawa ya dafa gwiwa, jagoran ya karɓi jakarsa ya haɗa da tasa. Ko a lokacin da mun juya da ba a kai ga abun da aka kai ba.

Wajen ƙarfe ɗayan dare na farka naji wani sauti kamar tukunyar koko tana ɓararraka a hankali. Na kunna tocilan naga Auta a zaune ya jingina da bango, yace Yaya in na kwanta numfashi baya zuwa. Yana zaune ba abun da yake yi amma yana haki kamar wanda ya gama tsere. Yai tari ya tofa a tishu, kumfa ce da ɗan ja-ja a ciki. Na ruga na taso jagoran. Ya maƙala masa ɗan na'urar nan ta yatsa mai auna oksijin, tamu ni da Alhaji tana wajen 80, tasa bata kai 60 ba. Anan akwai abu biyu da ya shafe mu baƙaƙen fata da nake so kowa ya riƙe. Ana cewa ka duba leɓen mutum ko ya koma shuɗi, to a fatarmu ba zaka gani da sauƙi ba, sai ka buɗe cikin leɓen ka duba dasashi da harshe da ƙarƙashin farce, na Auta sun yi toka-toka. Na biyu, ita kanta na'urar an san tana iya nuna lamba sama da gaskiya a kan fata mai duhu, saboda haka in ta nuna maka da sauƙi kada ka yarda da ita fiye da idonka.

Ruwa ne ya taru masa a huhu. Ciwon tsauni hawa-hawa ne, akwai na ciwon kai da tashin zuciya da rashin barci wanda in ka tsaya a inda kake yakan wuce, akwai na ruwa a huhu, akwai kuma na kumburin ƙwaƙwalwa wanda mutum zai fara tangaɗi kamar mashayi yana magana ba kan gado. Biyun ƙarshen suna kisa cikin awoyi. Jagoran ya sa shi ya taka a miƙe dunduniya na taɓa yatsa, ya iya da ƙyar, ya tambaye shi sunan garinsu da ranar da muke ciki ya amsa daidai, yace to kan da sauƙi, huhun ne, yanzu zamu sauka.

Nan gardama ta tashi, kuma ita ce tsakiyar wannan lamarin gaba ɗaya. Auta cikin haki yace Yaya saura mita 500 fa, in muka haye ai ɗaya ɓarin gangara ce har Muktinath, can akwai mota, komawa baya ya fi nisa. In ka ji maganar kamar akwai hankali a ciki, kuma wallahi na ɗan karkata, don gaskiya ne daga mashigin zuwa Muktinath saukar wajen mita 1,600 ce. Amma kafin ka samu saukar sai ka fara hawa awa uku ko huɗu cikin duhu da sanyin da ruwa yake daskarewa a gora, kuma hawa da sanyi da wahalar jiki su ne ainihin abubuwan da suke ƙara tura ruwan cikin huhu. Tsakanin masaukin da mashigin ba gari, sai 'yar bukkar shayi. A wannan yankin ne guguwar dusar ƙanƙara ta 14 ga Oktoban 2014, wadda ta biyo bayan guguwar teku ta Hudhud, ta kashe fiye da mutum 40, da yawansu a kusa da wannan mashigin. Wannan karon jagoran bai ji nauyina ba, ya dube ni yace in kun hau da shi gawarsa zaku sauko da ita. Alhaji ya dafa ni yace Malam, kuɗi ana nemansu, me zaka je ka gaya wa tsohuwa. Shi kenan na dawo hayyacina.

Jirgi mai saukar ungulu baya zuwa da dare, kuma ko da rana dubban daloli ne, inshorar da na saya mana mai arha ce, ban karanta ƙananan rubutun ba sai daga baya naga bata kai wannan tsayin ba. Saboda haka ƙafa ce. Muka naɗe shi da duk rigunan sanyin da muke da su, jagoran da wani yaron masaukin suka riƙa goya shi bi da bi don kada ya wahalar da jikinsa, ni ina gaba da tocilan a goshi, Alhaji a baya da jaka biyu yana ta salati. Hanyar tsakuwa ce mai santsi tana lanƙwasa kamar maciji. Mun fi awa biyu kafin mu kai Phedi. Abun mamaki saukar mita 400 ɗin nan kawai sai da ta nuna, hakin ya ɗan lafa har ya sha ruwan zafi. Gari na wayewa aka samo doki, muka ɗora shi muna riƙe da shi gefe da gefe har Yak Kharka, bamu tsaya ba sai Manang da yamma. A asibitin aka sa masa oksijin aka ba shi magani, dokta tace da mun jira safiya a sama da labarin zai iya zama daban. Kwana uku mukai, ranar ta biyu ya nemi gari da sikari da madara, nan na fita bayan ɗakin na yi kuka.

A nan ne kuma doktar ta tambaye mu abun da bai taɓa zuwa kaina ba, ko akwai mai sikila ko mai ɗauke da ita a cikinmu. Auta AA ne, amma ni AS ne, na sani tun gwajin aure. Ashe mai AS, duk da a gida lafiyarsa lau, a irin wannan tsayin da ƙarancin oksijin da ƙishirwa jini yana iya toshewa a saifarsa, ciwo ne mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Ba kowa yake samu ba, ni Allah ya tsare ni, amma masu AS da AC sun yi yawa a zangonninmu, kuma turawan da suke rubuta yawancin bayanan tafiyar nan ba damuwarsu bace shi yasa ba zaka cika gani ba. Duk wanda zai je ya san jininsa ya zauna da likita tukuna, a nan ne ma zai tambayi maganin Diamox da ake sha don taimaka wa jiki ya saba, mu bamu ɗauka ba sam.

Tikiti dai dole muka canza, muka biya tarar da nake gudu, ga kuɗin doki ga na asibiti, kwana ɗayan da na so in tsira da shi ya ci mana biyar. Ni da Auta muka sauka da jif zuwa Besisahar, abokina ya zo ya ɗauke mu zuwa gidansu, mahaifiyarsa ta riƙe Auta kamar ɗanta.

Alhaji kuwa nace masa kada ya fasa saboda mu, tunda yanzu ya ƙara kwana uku a Manang jikinsa ya saba. Shi da jagoran suka koma, kwana ɗaya a Yak Kharka, kwana ɗaya a Phedi, ba su kwana a masaukin sama ba. Yace sun tashi wajen ƙarfe huɗu don a haye kafin iskar hantsi ta taso, tocilolin mutane a jere a jikin dutsen kamar masu zuwa tahajjud, gemunsa ya daskare da numfashinsa, kuma abun da ya fi karya masa zuciya shi ne tudun ƙarya, ka ga kamar ga ƙarshen nan sai ka isa ka tarar da wani a bayansa, ya fi sau biyar. Taku ashirin ya tsaya ya ja numfashi biyar, haka ya riƙa yi har sai da ya hango tsummokaran addu'arsu masu launi-launi da allon da aka rubuta 5,416. Yace bai fi minti 15 a wajen ba, ya sha shayi a bukkar, ya kalli gabas ya kalli yamma yai hamdala, jagoran yace su tafi iska ta fara. Saukar ce ma tafi ba shi wuya, gwiwoyinsa suka kumbura, farcen babban yatsansa ɗaya ya fita, ya isa Muktinath bayan la'asar.

Auta ya warke sarai, an duba huhunsa a nan Accra ba komai, ya koma Kawukudi. Dokta ta gaya masa wanda ya taɓa yin wannan ciwon ya fi saurin sake yi in ya kuma hawa da gaggawa, yace shi dai zai koma wata rana, na ce sai dai da kwana 18 a hannu da inshorar da na karanta da idona, kuma jagora ne zai riƙe takardar ba ni ba. Mma bata yi min faɗa ba. Ranar da muka iso ta zaunar da ni bayan isha'i na ba ta labarin duka ban rage komai ba, ta yi shiru can tace, da ka ji yana tari a daren farko, me ya hana ka tsaya. Nace tikiti ne Mma. Ta tashi ta shiga ɗaki ta ɗauko masa bargo, duk da zafin Nima, ta lulluɓe shi inda yake barci a kan tabarma.